Naman raƙumi ya gagare ni, ga shi za mu biki Agadas

Uwargidan Gwale ta rubuta:

Assalamu alaikum. Jama'a shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin daga tushe ya yi magana.

Maigidana iyayensa mutanen Agadas ne. Fatauci ya kawo mahaifinsa Kano, shi a nan ya yi karatu, a nan ya yi aure, amma mahaifiyarsa da yawancin dangi suna can. Bayan babbar Sallah za a aurar da autarsu, an ce har mu matan 'ya'ya da jikoki sai mun je. Hanya ma an gama tsara ta: Daura, Kwangwalam, Matamaye, mu kwana Damagaram, washegari mu bi ta Tanut mu shiga Agadas. Ban taɓa zuwa ba, kuma wallahi ina ɗokin tafiyar. Abin da ya rage mini daɗi shi ne jiya da daddare na ji shi a waya da yayansu suna maganar raƙumin da za a yanka ranar walima, har yana cewa a ajiye masa tozo da hanta. Ni kuwa naman raƙumi ba ya shiga bakina. Ko romon ba na iya kurɓa.

Kada wani ya ɗauka ni mai zaɓen abinci ce. Fara in dai tana gida ba na neman nama. Da kaka ta yi nake sa a auno mini kwano guda wajen masu kawo ta daga Maiduguri ko Nijar, in zauna in fige fiffike da ƙafafu, in wanke da ruwan zafi, in tsane, in soya da mai ɗan kaɗan har ta yi ƙamas, in barbaɗa yajin ƙuli da albasa, in matse lemon tsami. Mai ƙwai ta fi garɗi, wadda in ka ɓalle kan za ka ga cikin ya cika da rawaya. Muna yara a gidan kakata a Bichi, in ruwan farko ya sauka sai mu kunna fitilar ƙwai a tsakar gida da dare, mu ajiye kwanon ruwa a gindinta, shinge ya yi ta faɗawa. Da safe a soya shi ba mai, don da mansa yake zuwa. Na ci zomo, na ci kurciya da 'yan shila, na ci fakara da bushiya da wani kawuna maharbi yake kawowa. Kayan ciki kuwa, tumbi da hanji da huhu, ni ce mai wanke su ranar Sallah don ba mai son aikin, kuma ni ce mai fara ɗanɗanawa.

Abin da ba na ci uku ne kacal. Ƙwaƙwalwa, saboda laushin nan nata da ba abin taunawa. Tarwaɗa, saboda yauƙin fatarta, sai dai in banda ce ta bushe ƙarau. Sai raƙumi. Biyun farko ba wanda ya taɓa ɗaga mini kai a kansu.

Na san inda abin ya samo asali. Hanyar firamarenmu ta gefen abbatuwa ta bi. Wata safiya aka turo baro ta gabanmu an ɗora kan raƙumi haɗe da wuyansa, wuyan ya yi tsawo har sai da aka naɗe shi, leɓen ƙasa yana reto duk lokacin da tayar ta faɗa rami, idon a buɗe da dogon gashin idon nan nasa. Kan sa da kan rago na gani ba adadi, na babbaka su da hannuna, ba su taɓa yi mini komai ba. Wannan kuwa har yau da an ce raƙumi shi nake gani. Farkon aurenmu maigida ya taɓa shigowa da naman, na dafa masa tunda haƙƙinsa ne, amma da na buɗe tukunya tururin ya bugi fuskata, wani irin ƙarni mai zaƙi-zaƙi, sai da na fita tsakar gida na sha iska. Tun daga ranar in yana marmari a waje yake ci, bai taɓa yi mini gori ba.

To amma gidan suruka ba ɗakina ba ne. Hajiya mace ce mai karamci, duk wanda zai zo Kano sai ta aiko mini da cuku da dabino da turare. In ta zauna ta zaɓo mini tsoka mai kyau da hannunta saboda ni ce baƙuwar nesa, in ture kwanon? Cewa za a yi Bakanuwa ta raina abincinsu. Ba na so wannan maganar ta fito a kaina, balle ta koma kan iyayena.

Shin ƙyanƙyami irin wannan yana fita, ko haƙura ake yi? Akwai yadda ake dafa shi ƙarnin ya tafi? Ina kuma so in ji daga bakin waɗanda suka taɓa cin naman da ba su saba da shi ba, a gida ko a tafiya. Yaya kuka yi da lomar farko?

Ɗan Mahauta ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Fawa sana'ar gidanmu ce tun kakana, bari in faɗa miki abin da na sani.

In dai a Kano kika tashi kina cin tsire da kilishi da dambun nama na saye, da wuya a ce raƙumi bai taɓa wucewa ta maƙogwaronki ba. Kullum ana yanka su a garin nan, daga kasuwannin Maigatari da Mai'aduwa da Illela ake kawo su, kuma ba kowane mai saye ne yake tambaya ba. Ni duk wanda ya tsaya a teburina ina gaya masa wannan na sa ne wannan na raƙumi, don ha'inci ne ka sayar wa mutum abu da sunan wani. Amma tsoka in ta sha wuta ta sha yaji ba kowa ke rabewa ba.

Wanda ya buge ki a tukunya, ina kyautata zaton tsohon amale aka yanko wa maigida. Yawancin raƙuman da ke zuwa mayanka sun gama aikinsu ne, sun yi shekaru suna dakon kaya ko jan guga a rijiya. Namansu ya yi duhu, zarensa manya, ga tauri. Warin ya fi tsanani in namiji ne kuma lokacin sanyi, sa'ad da yake neman taguwa, yana kumfa yana fito da jar tsokar nan ta gefen baki. Ƙaramin raƙumi ɗan shekara biyu zuwa uku daban ne, namansa ja ne mai haske, ga taushi. Mutanen da suka san raƙumi ba za su kawo wa baƙin biki tsoho ba.

Yadda za ki gane shi a kasuwa: kitsensa fari ne fat, na sa kuwa yana da ɗan rawaya. Tsokar ba ta da kitse sosai a jikinta, don Allah ya tara masa kitsensa a tozo. Tozon nan ba ruwa ba ne a ciki yadda yara ke faɗa, kitse ne zalla, kuma shi zai fi ba ki wahala. Saurin daskarewa gare shi, da ya ɗan huce sai ya manne a dasashi. Kada ki fara da shi, kada kuma ki fara da romo.

Ki sa a yanko miki tsokar gadon baya, rabin kilo ya isa gwaji. A cire farar yanar da ke kai da jijiya. Ki wanke da lemon tsami, ki ɗora ya tafasa sau ɗaya, ki zubar da ruwan farko da kumfarsa. Sannan ki mayar da citta da tafarnuwa da kanumfari da masoro, kimba 'yar kaɗan, albasa mai yawa. Kada ki cika ruwa, naman da kansa yana fitar da ruwa, shi ya sa in ya dahu za ki ga ya ragu sosai. Wuta kaɗan-kaɗan, ya fi na sa daɗewa. In ya yi laushi ki soya sama-sama, ki ci da zafinsa da yaji. Hantarsa kuwa ba ta da wahalar gyara, don raƙumi ba shi da matsarmama, ba abin da zai fashe ya ɓata ta da ɗaci.

Ni da nake wannan bayanin ba na cin kazar gidan gona, ba na jin ɗanɗanon komai a jikinta. Mahaifina har Allah ya karɓi ransa bai ci naman akuya ba, alhali da fatarta da namanta ya riƙe gidanmu. In kin ga abin ya ƙi, maigida ya haɗa da na sa ya kawo miki ba tare da ya faɗa ba. Abin da ido bai gani ba zuciya ba ta ƙyamarsa.

Sista a Kaduna ta rubuta:

Yaya, duk abin da Ɗan Mahauta ya faɗa na yarda, ban da na ƙarshen nan. An taɓa yi wa ƙanwata haka da naman zomo. Ta ci ta yaba, da aka gaya mata ta yi ta amai, kuma yau ko kaza aka ba ta a gidan sai ta juya ta duba ƙashin. Ki ci da saninki ko ki bari.

Ni a Kuros Riba na yi bautar ƙasa, sansani a Obubra, aiki a Kalaba. Da farko a Bogobiri kaɗai nake cin abinci, wajen 'yan'uwanmu Hausawa, daga tuwo sai tsire sai shayi da burodi. Wata abokiyar aikina 'yar ƙabilar Efik ce ta ce ba za ta bari in koma Arewa ban ci miyarsu ba. Ta kai ni kasuwar Watt muka yi cefane, ta bar ni na sayo naman wajen mahautanmu, ta dafa miyar afang a gabana don in ga ba abin da addinina ya hana a ciki. A miyar akwai wasu ƙananan dodon koɗi na ruwa, baƙaƙe masu tsini, an datse musu gindi. Baki ake sawa a zuƙo, naman ya faɗo kan harshe, ɗan mitsitsi mai gishiri-gishiri. Na farko riƙe shi na yi a baki na rasa yadda zan yi, ita kuma ta zuba mini ido, sai na haɗiye shi haka nan. Na biyu na daure na tauna. Kafin in bar Kalaba ni ke cewa a ƙara mini. Babban dodon koɗi na tudu ma na ci. In an wanke yauƙin da lemon tsami da gishiri aka soya da attaruhu, a haƙori kamar ƙundun kaza yake. Kaguwa ce dai ban ga ribarta ba, fashe-fashe da yawa nama kaɗan. Naman kare da suke kira 404 kuwa sun san ba ma ci, ba wanda ya taɓa yi mini tayinsa.

Ranar da aka aiko mini da fara daga gida na kai mata. Ta leƙa ledar ta ja da baya, ta ce ita ba za ta iya cin ƙwaro ba. Ban ji haushi ba, na tuna yadda na yi da nata.

Yanzu bari in yi magana ta ɓangaren aikina. Naman raƙumi in ya dahu sosai ba matsala. Akwai cutar numfashi da ake kira MERS, an gano ta a Saudiyya a 2012, kuma daga raƙuma take kama mutane. Shawarar da ake bayarwa a kanta ita ce kada a sha ɗanyen nonon taguwa, kada a ci naman da bai dahu ba. A Agadas za a miƙo miki nonon, ki roƙa a tafasa, musamman wanda yara za su sha. Ɗanyen nono ko na saniya ne yana ɗauke da cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi.

Inda tsorona yake shi ne dangin ɓera. Zazzaɓin Lassa a garin Lassa na jihar Borno aka fara gano shi a 1969, ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da shi, kuma da rani ya fi tashi, daidai lokacin da samari ke cinna wa daji wuta suna farauta. Haɗarin ya fi yawa wajen kamawa da feɗewa, inda hannu ke taɓa jini da fitsari, tun kafin a kai ga tukunya. Ƙyandar biri ma da ta dawo Najeriya a 2017, burgu yana cikin dabbobin da ake zargi da ita. Ni burgu ba na ci, ba kuma na bari a shigo mini da shi gida, ko da wa ya kawo. Farar taki ma ki riƙa sansanawa kafin ki auna. In kin ji warin fiya-fiya ki bar ta, wadda aka tsinta bayan feshin gona ce.

Uwargidan Gwale ta rubuta:

Na gode ƙwarai. Sista, na karanta wa maigida amsarki, ya ce shi ma ba zai yi mini ɓoye ba. Ɗan Mahauta, gobe in Allah ya kai mu zai biya kasuwa. Wani abu kuma: wani abokinsa da ya zauna Makka ya ce cin raƙumi yana karya alwala. Mu ba a koya mana haka a islamiyya ba. Akwai mai bayani?

Dattijon Funtuwa ya rubuta:

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da kika damu da zuciyar surukarki tun ba ki je ba.

Maganar alwala saɓanin malamai ne. Akwai hadisi a Muslim da aka tambayi Manzon Allah (SAW) ko a yi alwala bayan cin naman raƙumi, ya ce a yi. Imamu Ahmad ya tafi a kan haka, shi ya sa abokin mijinki ya ji shi a Makka. Imamu Malik da Shafi'i da Abu Hanifa ba su ga ya karya ba, kuma a kan mazhabar Malik muke, mu da mutanen Agadas. Wanda ya sake alwalar don fita daga saɓani bai yi laifi ba. Halaccin naman kuwa ba mai ja. A hajjin bankwana raƙuma 100 ne hadayar Annabi (SAW), ya soke 63 da hannunsa mai albarka, Sayyadina Ali ya ƙarasa sauran, aka ɗebi yanka daga kowanne aka dafa, suka ci naman suka sha romon. Shi raƙumi soke shi ake yi a gindin wuya wajen ƙirji, ba a yanka shi a maƙogwaro yadda ake yi wa rago.

Amma abin da nake so ki riƙe shi ne wannan. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, Khalid ɗan Walid yana wurin. Annabi (SAW) ya miƙa hannu, da aka gaya masa ko mene ne sai ya janye. Khalid ya tambaya ko haramun ne. Ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, don haka ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci, Annabi yana kallo. An kuma ruwaito cewa bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. To ƙin ci ba zunubi ba ne, ba kuma raini ba ne. Inda ake ɓata rai shi ne yamutsa fuska, da toshe hanci, da cewa "wai ku wannan kuke ci?" Wannan ki kiyaye shi, ki kuma ja wa yaranki kunne tun daga gida.

Farar da kike so halal ce, sahabbai sun ci ta a yaƙe-yaƙe tare da Annabi (SAW). A wajen Malikiyya ana so a kashe ta da niyya da bisimilla, ko da jefa ta a ruwan zafi ne, ba a tsinci matacciya ba. Dodon koɗin Sista ma hukuncinsa ke nan, na ruwa kuwa ba ya ma buƙatar haka. Doki malamai sun saɓa, abin da ya shahara a mazhabarmu shi ne hani. Jakin gida an hana shi tun ranar Haibara, shekara ta 7 bayan hijira.

Jakin nan shi ke ci mini rai a shekarun nan. Muna yara kowane gida a ƙauyenmu yana da shi, shi ke kai taki gona, shi ke kawo dawa gida. Yanzu ana loda su a manyan motoci saboda fatar da ake kaiwa ƙasar Sin, har talaka ya kasa sayen na aiki. Nijar ta hana fitar da su tun 2016, Tarayyar Afirka ma ta haramta cinikin fatar a Fabrairun 2024. Naman kuma ba zubarwa ake yi ba. Don haka busasshen naman da ban san inda ya fito ba, komai arharsa, ba na saye.

Ni na ci damo lokacin da muke kiwo, mu tono shi a rami mu gasa. Yau kuwa ko agwagwa aka dafa a gidana, an san ba a zuba mini.

Badamagariya ta rubuta:

Yaya sannu da ƙoƙari. Ni 'yar Damagaram ce, aure ya kai ni Agadas, don haka da ɗan gari akan ci gari, ki saurare ni.

Ki kwantar da hankalinki, ba kullum raƙumi ake ci a nan ba. Akuya da rago sun fi yawa a tukunya, ga shinkafa, ga taliya, ga tukuɗi na gero da cuku da dabino da za a dama miki ki sha ki ƙoshi. Ranar walima kuma a babban tire mata ke haɗuwa, hannu da yawa, ba mai lissafa lomar wani.

Abin da ba ki sani ba, su ma suna da nasu. Buzaye da yawa, musamman tsofaffi da mutanen daji, ba su cin kifi sam, wasu har kaza da ƙwai. Damon da Baba ya ce ya ci, su ba su taɓa shi, kawunsu suka ɗauke shi. Uwar mijina in na sa banda a miya tashi take ta koma ɗaya ɗakin har a gama, kuma tukunyar kifi daban na ware. Ke kina tsammanin mace irin wannan ba za ta gane ba in kin ce abu bai karɓe ki ba?

Shawarata kada ki aika miji ya faɗa. In ya faɗa zai zama kamar ƙara kika kai. Ranar da kuka sauka, bayan an huta, ki same ta ita kaɗai ki ba ta tsarabarta, ki ce "Hajiya ni fa ban saba da raƙumi ba, amma ina koyo." Za ki ga ita da kanta za ta riƙa ture miki na rago gabanki. In kuma kin ci mai maiƙo, kada ki bi shi da ruwan sanyi, a nan ne kitsen ke kama baki. Ki jira shayi, kofin farko mai ɗacin nan yana wanke shi tas.

Tsaraba ki kawo daddawa da kuka da yajin ƙuli da atamfa. Fara kada ki wahalar da kanki, za ki same ta a Damagaram. Ni kuma abin da ya gagare ni a Kano ganda ce. An zuba mini ita a gidan biki a Fagge, na yi ta tauna ba ta ƙarewa, ga ƙaurin babbaka. Har yau ban gane me kuke ji a cikinta ba.

Uwargidan Gwale ta rubuta:

Jama'a na dawo da labari. Maigida ya samo tsokar gadon baya ta ƙaramin raƙumi, kuma gaskiya tun a ido ta bambanta da wancan na farko, ja ce mai haske, ba duhun nan. A tsakar gida na dafa kan gawayi don kada tururin ya cika kicin. Tafasar farko har yanzu akwai ƙarnin, na juya fuska na zubar da ruwan. Daga lokacin da citta da kanumfari suka shiga kuwa, ƙamshin nama kawai nake ji. Ya daɗe a wuta, na yi la'asar na dawo bai gama laushi ba.

Da na soya na zauna ni kaɗai kafin yara su dawo daga islamiyya, na yanka ƙanana-ƙanana, na dangwali yaji. Lomar farko zuciyata ta ɗan tashi, baron nan ya faɗo mini a rai, na yi bisimilla na ci gaba da tauna. Naman ba shi da maiƙo, zarensa ya fi na sa kauri, a ƙarshe yana barin ɗan zaƙi a harshe. Ban ci da yawa ba, amma na ci da sanina, kuma ya zauna. Yaran kuwa cinyewa suka yi suna tambayar ƙari, na gaya musu ko na mene ne, ko a jikinsu.

Maigida ya haɗo da ɗan yankin tozo don kansa. Wannan ko kusa, da ya fara narkewa a kasko na bar masa wurin. Romon ma ba zan sha ba. Ba na cikin masu cewa komai sabo ne, in an daure za a iya. Wani abin sabo ne, wani kuwa haka Allah ya yi mutum. Ƙwaƙwalwa da tarwaɗa ba zan ma gwada ba, don ba ran wanda zai ɓaci in na bar su. Raƙumin na daure ne saboda Hajiya.

Baba na gode, hadisin damon nan ya sauke mini nauyi, na karanta wa yara shi. 'Yar'uwata ta Damagaram, yadda kika ce haka zan yi, da bakina zan gaya mata, kuma ranar yanka ba zan leƙa inda ake feɗewa ba. Ganda kuwa ki zo Gwale in dafa miki wadda aka kankare da kyau ta kwana a wuta, wadda aka ba ki ba ta dahu ba ne. Sista, nonon yara sai an tafasa, na riƙe.

Ɗan Mahauta, saura hanta, tunda ita ake fara miƙa wa baƙo. Gasawa ta fi ko suya?

Ɗan Mahauta ya rubuta:

Gasawa, Hajiya. A yanka ta fale-fale, gishiri kaɗai, a kan garwashin da ya daina hayaƙi. Ki bari jan cikin ya ɓace yadda Sista ta ce, amma kada ta wuce haka, in ta daɗe tauri take yi. Ki ci da ɗanyar albasa. Maigida ya zo da sassafe, kafin ƙarfe tara hanta ta ƙare.